Muhawara: Nunin sana'o'in gargajiya yana raya su ne, ko kallo kawai muke yi mu watse?

Baban_Sadiƙu_Mabera:
Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa. Ranar Asabar da ta wuce makarantar da yarana suke karatu ta yi bikin ranar al'adu, kuma a bana ba su tsaya ga naɗa wa yara rawani da dafa tuwon dawa ba, sai suka gayyato masu sana'a na ainihi, aka kafa musu rumfuna suka zauna suna aikinsu a gaban jama'a. Akwai maƙeri da yaronsa, da baduku, da wata tsohuwa mai kaɗi, da masassaƙi, sai kuma wasu dattawa uku masu kiɗan kotso. A wurin maƙerin na fi daɗewa. Ya cusa guntun ƙarfe cikin gawayi, yaron yana danna zugazugi hannu bayan hannu har wutar ta yi jawur, shi kuma ya ciro ƙarfen da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera yana duka yana juyawa, kafin mu ankara lauje ya fito. A nan ne ɗana mai shekara 11 ya ja mini hannun riga ya tambaye ni sunan jakar fatar da take hura wutar. Yaro haifaffen Sakkwato, garin da Maƙera Assada, shiyyar maƙera, take cikinsa, bai taɓa ganin zugazugi ba, kuma laifin nawa ne kafin na kowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan an tashi. Mun yi tafi, mun ɗauki hotuna da wayoyinmu, muka kama hanyar gida, su kuwa dattawan nan suna ɗaure kayansu yadda suka zo da su, domin ban ga wanda ya sayi ko wuƙa ɗaya ba. Tambayata ita ce, irin wannan nuni yana raya sana'o'inmu ne, ko kuwa mun mai da masu su abin kallo? Ni dai ra'ayina ya karkata ga cewa sana'ar da ba a sayen kayanta, kuma ba yaron da yake zaune yana koyonta, nuni ba zai tashe ta ba. Ina son in ji ta bakinku.

Hajiya_Inno_RunjinSambo:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiƙu, ni ina ganin ka amsa wa kanka rabin tambayar ba ka lura ba. Da ba a yi nunin ba, yaushe ɗanka zai tambaye ka sunan zugazugi? Gani ya kori ji, kuma yaron da ya ga ƙarfe ya zama lauje a gabansa ba zai manta ba har ya tsufa.

Jikan_Maƙera:
Allah ya saka da alheri da ka tayar da wannan magana. Ni a gidan ƙira aka haife ni, kuma ko da yake aikin ofis nake yi yanzu, na yi zuga tun ina ɗan shekara bakwai har na gama sakandare, saboda haka abin da na gani zan faɗa. Ƙira tana nan da ranta, kuma manomi ne ya riƙe ta. Duk mai son ya ga maƙera a bakin aikinsu ya je Assada idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, lokacin da mutanen ƙauye suke shigowa neman garma da hauya ko gyaran tsofaffin da suka dakushe. A irin wannan lokaci mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya samun sukunin cin abincin rana sai bayan la'asar. Idan kaka ta zo a koma kan lauje da magirbi, gab da babbar Sallah kuma a koma kan wuƙaƙe da gatura. Abin da ya tafi shi ne narkar tama. Kakanninmu da kansu suke haƙo ta su narka su fitar da ƙarfe, yanzu kuwa tsohon sifirin na mota da sauran ƙarafan da aka yar ake saye, ko mahaifina ma labarin narkar ya ji daga nasa uban, bai gan ta da idonsa ba.

Game da nuni kuwa, an taɓa gayyatar yayana wani taro, ya rufe maƙerarsa kwana biyu, ya ɗauki hayar mota ta kai masa uwar maƙera da buhun gawayi, aka yi jawabai aka yaba masa, aka ce za a aiko da kuɗin mota. Har yau ba su iso ba. Tun daga ranar, in aka zo masa da irin wannan gayyata sai ya ce a fara biyansa ladan wunin da zai rasa, kuma ban ga laifinsa ba.

Malam_Bello_Tarihi:
Ina so in ƙara wa maganar Jikan Maƙera ƙarfi daga ɓangaren tarihi. Lokacin da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, masu sana'a suna cikin waɗanda aka zaunar da gangan, shi ya sa har yau sunayen shiyyoyinmu suke faɗin aikin mutanensu, kamar Maƙera da Marina da Takalmawa. A wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje kan yadda ake tafiyar da mulki, ya sa kula da masu sana'a cikin aikin shugaba, ya ce a ƙarfafa su a rarraba su garuruwa da ƙauyuka gwargwadon bukatar mutane. An kuma ruwaito cewa Shehu Usmanu kansa yana tufka igiya domin ya ci daga guminsa. Ku lura, magabatan nan sun ɗauki sana'a a matsayin abin da gari ba ya zaunuwa sai da shi. Mu ne muka ɗauke ta daga babin tattalin arziki muka mai da ita babin al'adu, kuma tun daga nan aka fara tuna masu ita sau ɗaya a shekara.

Ɗan_Majema_Tsohongari:
Allah ya gafarta Malam, ka faɗi gaskiya. Ni majemi ne ɗan majemi, kuma mu ba a ma cika gayyatarmu nuni ba, saboda aikinmu ba ya yiwuwa a wuni ɗaya, ga kuma wari da mutane suke gudu. Bari in ɗan bayyana wa waɗanda ba su sani ba. Idan fatar akuya ta zo, sai an jiƙa ta ta yi laushi, sannan a tsoma ta cikin ruwan toka har gashin ya saki, a shimfiɗa ta bisa itace a kankare gashin da kartaji. Daga nan a sa ta cikin ruwan kashin tattabara ko na kaji domin ta saki jiki, a wanke, a sake kankare sauran nama. Sai a daka bagaruwa, wadda mu nan muke ce wa gabaruwa, a zuba cikin kwatarniya a tsoma fatar ana juyawa ana sauya ruwa har ta ci. Majemi na gaske da yatsunsa yake gane ta ci ko da saura, ba ya bukatar ya yanka ya duba. Bayan haka a shafa mata mai, a ja ta, a shanya a inuwa. Jan launin nan da aka san mu da shi daga karan dafi yake fitowa, a daka shi a haɗa da kanwa. Duk wannan ya wuce mako guda. To, baduku ne ake zaunarwa a rumfa ana kallon yadda yake yanka yana ɗinki, amma fatar da take hannunsa ba wanda yake tambayar daga ina ta fito. Ranar da majemi na ƙarshe ya rufe kwatarniyarsa, baduku ma leda zai koma ɗinkawa.

Ummu_Aisha_Arkilla:
Baba majemi, Allah ya ƙara girma. Ni wannan ne karo na farko da na ji yadda ake yi daki-daki. Shin gaskiya ne abin da ake faɗa cewa fatar da Turawa suke kira fatar Maroko tamu ce?

Malam_Bello_Tarihi:
Gaskiya ne, 'yata, amma a faɗe shi daidai. Mutanen Maroko suna da jimarsu tun da daɗewa. Abin da ya faru shi ne, fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme aka rina a ƙasar Hausa, fatake suna ɗaukarta a kan raƙuma, galibi ta Kano, su ratsa hamada har bakin teku a arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Su kuwa masu saye a can sunan wurin da suka karɓe ta suka sani, sai kaso mai yawa na fatarmu ya shiga ƙarƙashin wancan suna. Sun fi son ta wajen yi wa manyan littattafai bango, saboda ƙarfinta da kyan fuskarta. Irin akuyar nan tana nan har gobe a ƙasar Sakkwato da Maraɗi.

Ɗan_Majema_Tsohongari:
Tana nan, Malam, sai dai mu ba ma samunta yadda muke so. Dillalai suna bin mahauta su kwashe ɗanyar fata mai kyau su sa mata gishiri a kai masana'antun Kano, mu kuma mu tsinci abin da ya rage da tsada. Fatar shanu kuwa ita ake babbakewa a yi ganda a cinye.

Sani_Gawon_Nama:
Ni kuma ɓangaren kiɗan ne ya ja hankalina a rubutun Baban Sadiƙu. Dattawa uku masu kotso, ka ce. Wannan ai shi ne abin da ya fi kusa da ɓacewa, domin lauje kowa yana bukatarsa, kotso kuwa sai fada. A zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, makaɗa irin su Narambaɗa suna fadarsa dare da rana, ana ba su doki da riga da gona. Yanzu wa zai ba makaɗi gona?

Bagobirin_Isa:
Malam Sani, a yi mini afuwa in ɗan gyara. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne a ƙasar Isa, kuma makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu ne. Makaɗin fadar Sarkin Musulmi Abubakar shi ne Salihu Jankiɗi, kuma shi taushi yake kaɗawa, shi ya sa ake ce masa Sarkin Taushi. Masu kotso su ne Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo na Maradun da Sa'idu Faru. Mutane da yawa yanzu ba sa rarrabe kayan kiɗan nan. Kotso yana da ƙugu a tsakiya kamar kalangu, amma baki ɗaya ake rufewa da fata, a bar ɗayan a buɗe, a manna danƙon da ake kira nake a tsakiyar fatar, kuma da yatsu ake kaɗa shi ana matsa tsarkiya a hammata domin murya ta hau ko ta sauka. Taushi kuwa kamar akushi yake, ba shi da wannan ƙugu. Kalangu shi ne mai baki biyu da ake bugawa da ɗan lanƙwasasshen sanda, shi ne na mahauta da 'yan dambe, irin wanda aka san Ɗan Anace da shi. Amma ainihin maganarka tana nan daram, makaɗin fada da ubangidansa yake rayuwa, in hannun ubangida ya gajarta sai ɗan makaɗi ya nemi wata hanyar abinci.

Sani_Gawon_Nama:
Na karɓi gyara, kuma na gode. Allah ya ƙara sani.

Almajirin_Hubbare:
'Yan uwa, ina tare da ku a kan ƙira da jima da saƙa, domin neman halal ne, amma ina roƙon a bambanta su da kiɗa. Wannan gari na Shehu ne, kuma sananne ne cewa shi da ƙanensa Abdullahi sun yi suka mai ƙarfi a kan kiɗe-kiɗen da suke haɗa maza da mata, da roƙo, da zuga mutum da abin da ba shi da shi. Idan kiɗan roƙo ya ragu saboda mutane sun ƙara sanin addini, ni ban ɗauke shi asara ba. Ban faɗi haka don in ɓata wa kowa rai ba.

Malam_Bello_Tarihi:
Ba ka ɓata wa kowa rai ba, ɗan uwa, kuma abin da ka faɗa game da sukar da suka yi haka yake. Sai dai mu tuna cewa su ɗin nan da waƙa suka karantar da jama'a, cikin Fulatanci da Hausa da Larabci, saboda sun san abin da aka rera ya fi zama a ƙirji. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta aika jajojinta, wato matan da ta horar, ƙauyuka su karantar da mata, kuma alamar jaji ita ce malfa da aka naɗa wa jan ƙyalle, wato ko a nan aikin hannun masu saƙar kaba ya shigo. Tambari da kakaki kuwa suna nan a fadodin ƙasar Hausa a matsayin alamar sarauta. Hukuncin halal da haram na bar wa malaman fiƙihu. Abin da nake cewa a matsayina na mai nazarin tarihi shi ne, cikin waƙoƙin fada akwai salsalar sarakuna da sunayen garuruwa da kalmomin Sakkwatanci da ba a rubuta su ko'ina ba, kuma ko wanda ba ya sauraron kiɗa yana da bukatar a adana waɗannan.

Almajirin_Hubbare:
A kan adanawa domin ilmi ba ni da ja, Malam. A kan koya wa ɗana kuwa ina nan kan bakana.

Inna_Mai_Mazari:
Jikata ce take rubuta mini wannan, ni nake faɗa mata. Na ji kuna ta maganar maƙera da makaɗa, ba wanda ya koma kan tsohuwar nan mai kaɗi da aka ce an gani a rumfa. Mu a zamaninmu yarinya ba ta zuwa ɗakin miji ba ta iya kaɗi ba. A gurje auduga bisa dutse da ɗan ƙarfe a fitar da gurya, a shiɓe ta da baka ta yi laushi kamar hazo, sannan a naɗa a tsinke, ki shafa alli a yatsu, ki murza mazari cikin ƙoƙo, zare yana fita. Akwai siririn zare, akwai abawa mai kauri. Da rani bayan an gama aikin gida muna zaune tsakar gida muna kaɗi muna hira, a tara a kai wa masaƙi ya yi gwado ko luru, abin da ya rage a sayar mace ta sayi akuyarta. Da kuɗin kaɗi na sayi kwanonin jeren ɗiyata ta fari. Yanzu ko na kaɗa wa zan kai wa? Masaƙin shiyyarmu ya rasu, ɗansa kabu-kabu yake yi. Mazarina yana nan cikin adaka, jikokina suna ɗauka suna wasa da shi.

Ummu_Aisha_Arkilla:
Inna, maganarki ta sa ni hawaye. Amma ina so in faɗi wani abu da na lura da shi a ɓangarenmu na mata. Ba dukan kayan da ne suka faɗi ba. Ni da nake da firji a gida, duk shekara idan zafin watan Afrilu ya tsananta, wuta kuma ba ta tsayawa, randa nake komawa, in yi mata gurbi da yashi mai laima a inuwa, ruwanta ya fi na leda daɗi. Turmi da taɓarya ba gidan da ba su, faifai ma haka, kaskon turaren wuta kuwa ba a kai amarya sai da shi. Abin da roba ta kashe shi ne wanda ta fi shi araha kuma ta yi aikinsa daidai, kamar tulu da akushi da salka. Saboda haka ina ganin bai kamata mu haɗa su duka a yi musu makoki ɗaya ba.

Zainab_Kayan_Fata:
Ni 'yar kasuwa ce, shekara huɗu ke nan ina sayar da jakunkuna da takalma da titimi na dukawan Sakkwato ta Instagram da WhatsApp, masu sayena kuma yawancinsu suna Abuja da Legas. Kasuwa tana nan, wallahi tana nan. Matsalar da nake fuskanta uku ce. Ta farko wari, domin fatar da ba ta sha iska sosai ba, idan aka rufe ta a leda ta yi kwana uku a mota, mai saye yana buɗewa zai kira ni. Ta biyu awo, sai in ba da aikin takalmi guda goma lamba ɗaya su fito kowanne da girmansa. Ta uku alkawari. Idan masu shirya nuni da gaske suke, maimakon rumfa da jawabi su kawo wanda zai zauna da dukawa ya nuna musu yadda ake gama aiki ya yi tsaf, tun da akwai cibiyar nazarin fata a Zariya da aikinta ke nan.

Baduku_Na_Gado:
Hajiya Zainab, na ji ƙorafinki kuma akwai gaskiya a ciki, amma ki ji namu. Gafakar Alƙur'ani mai kyau, wadda aka yi wa zane da baƙi da ja aka yi mata tunga da hannu, tana cin kwana huɗu zuwa biyar. Idan na faɗi kuɗinta sai mai saye ya nuna mini ta leda da aka shigo da ita daga Sin, ya ce ga wadda ta fi tawa sheƙi a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. To, dole in rage aiki in yi wanda za a iya saye, daga nan kuma a ce dukawan yanzu ba su iya aikin iyayensu ba. Mun iya. Ku zo gab da Sallah ku ga kayan dokin da muke yi wa masu sarauta, su da ba sa taya aiki kamar ana cinikin tumatir. Maganar alkawari kuwa, mutum ɗaya ne da yaro ɗaya a shago, in rashin lafiya ko rasuwa ta faɗo aiki ya tsaya. A da muna da yara shida a gaban mahaifina.

Jikan_Maƙera:
Wannan magana ta yara ita ce ƙashin bayan abin, kuma akwai wani ɓangare nata da muke jin nauyin faɗa. Mu kanmu 'ya'yan masu sana'a muna gudunta saboda yadda ake kallonmu. Na san gidajen da har yau in saurayi ya zo neman aure, aka bincika aka ji ɗan maƙera ne ko ɗan majema ko ɗan makaɗa, sai a fara jan ƙafa, ko da kuwa yana da digiri biyu. Mutumin da zai tafa wa maƙeri a rumfa ranar Asabar, shi ne zai hana ɗan maƙerin 'yarsa. Yaro yana ganin wannan tun yana ƙarami, don haka da ya samu hanya sai ya cire sunan sana'ar daga jikinsa.

Hajiya_Inno_RunjinSambo:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ɗana, kuma a danginmu ma an taɓa yi. Amma ai shi ya sa nake kare nunin. Yaron da ya tashi yana ganin shugaban makarantarsa ya miƙe ya gai da maƙeri da girmamawa a gaban kowa, ba zai girma da irin tunanin iyayensa ba. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bagobirin_Isa:
Akwai kuma abin da mazauna birni ba sa gani sosai. Mu a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, rashin tsaro ya taɓa sana'o'in nan kai tsaye. Masassaƙi a daji yake samun itacen turmi da na kangon ganga, mai gawayi a daji yake ƙona ƙirya, majemi kuma yana jiran masu tsinto bagaruwa. Idan daji ya gagari shiga, kasuwar ƙauye ba ta ci yadda ta saba ba, manomi bai yi noma ba balle ya sayi garma, duk sarƙar ta tsinke. Da yawa daga masu sana'ar da kuke gani yanzu a gefen birni gudun hijira ya kawo su, kayan aikinsu ma wasu a can suka baro.

Ɗalibar_Hausa_Danfodiyo:
Iyayena da yayyena, ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma kundin kammala karatuna a kan kalmomin saƙa nake rubuta shi. Na zauna da wani tsohon masaƙi sau biyar. Abin da na gane shi ne, in na tambaye shi da baki sai ya ba ni suna biyar ko shida ya ce shi ke nan, amma ranar da ya zauna a masaƙarsa ya sa ƙafa a mataki ya fara jefa ƙoshiya, sai kalmomi suka riƙa zubowa, sunan kowane itace da kowace igiya da kowane kuskure da zare yake yi. Ilmin yana cikin hannunsa ne, sai yana aikin yake fitowa. Saboda haka ni ina ganin amfanin nuni, da sharaɗin a naɗi sauti da hoto a tsanake, a bar mai sana'ar ya yi bayani da bakinsa, a kuma ajiye a wuri irin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu inda kowa zai iya zuwa ya gani. Inna Mai Mazari, idan kin yarda ina so in zo in gaishe ki in ga mazarin nan yana juyawa.

Inna_Mai_Mazari:
Ki zo, ɗiyata, amma ki taho da auduga mai gurya, domin ta asibiti ba ta kaɗuwa.

Baban_Sadiƙu_Mabera:
Na karanta duka, kuma na gode ƙwarai. Hajiya Inno ta sa na sassauta, domin gaskiya ne tambayar ɗana a rumfar nan aka haife ta. Amma labarin yayan Jikan Maƙera da bayanin Baduku Na Gado sun ƙara tabbatar mini da abin da na fara faɗa, cewa tafi ba ya sayen gawayi. Abin da na yanke wa kaina shi ne zan kai maganar taron iyayen yara, in nemi idan za a sake gayyatar masu sana'a a biya su kuɗin wuninsu tun kafin su zo, a kuma sanar da iyaye su taho da kuɗin sayayya. Jiya da yamma na kai Sadiƙu Assada, muka sayi wuƙa da ɗan ƙaramin gatari, maƙerin ya bar shi ya yi zuga har hannunsa ya gaji.

Zainab_Kayan_Fata:
Madalla da wannan. Sai dai wuƙa ɗaya daga kowane uba ba za ta mai da yara shida shagon baduku ba. Ni har yanzu ina kan cewa sai an gyara aikin ya shiga kasuwar waje.

Baduku_Na_Gado:
Ni kuma ina tsoron gyaran da zai sa a wayi gari aikinmu ba a bambanta shi da na inji. Mai son titimin Sakkwato zanen hannun yake so, har da ɗan karkacewar da ke cikinsa.

Ɗan_Majema_Tsohongari:
Ku biyun duka a wurina kuke sayen fata, saboda haka ba zan shiga tsakaninku ba. Ɗalibar Hausa, idan kin gama da masaƙi da Inna, ki zo wurinmu da sassafe kafin rana ta yi zafi, lokacin ne muke fitar da fata daga toka. Ki sa tsofaffin tufafi, ki kuma taho da abin naɗar maganarki, domin baffana da ya fi kowa sanin haɗin baƙin rini ya haura shekara 80, kuma da safe ne ya fi sakin baki.